Irin Gidanmu

A Hornindal ta ƙasar Nowe,
inda dutse ke tsoma ƙafa a tafki,
Baba ya bar mini abu uku:
bashin katako, kwalekwale mai yoyo,
da zoben itace rataye a ƙusar rumbu,
yis ya bushe a jikinsa kamar laka a diddige.

Yakan ce, "Torunn, ba datti ba ne, barci yake.
Tun kakan kakanki yake cin sha'irin gidan nan.
Ya girme ki. Ki riƙa gaishe shi."

Wata bakwai ban taɓa shi ba.
Sai da bikin ɗana ya matso
na jiƙa sha'ir, ya yi tsiro, na busar,
na tafasa rassan juniba har gida ya ɗau ƙamshin daji,
na ƙona kwalba da tafasasshen ruwa sau biyu,
don ƙazanta ba ta sallama in za ta shigo.
Ruwan tsiro kofi uku.
Na jira ya huce, na gwada da gwiwar hannu:
ɗumin madarar da aka tatso yanzu.
Na kankare zoben a ciki,
na naɗe kwalbar da tsohuwar rigar sanyinsa.

Daren farko, shiru.
Dare na biyu na kara kunne
kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci.
Rana ta uku fumfuna ta taso kore shar,
da warin safar da ta kwana a takalmin roba.
Na zubar a kan dusar ƙanƙara,
na zauna bisa matakala.
Ranar jana'iza idona bai kawo ruwa ba.
Ranar nan ya biya bashi.

Hayin rafi akwai Eilif,
wanda shi da Baba suka shekara ashirin da biyu
ba ko ina kwana,
a kan shingen tumaki da ya gota taku huɗu.
Na je. Ƙafata ce ta je, ni ina bin ta.

Ya dube ni ya daɗe.
Ya shiga, na ji ƙarar firji,
ya fito da kwalbar zuma, fari-farin gari rabinta.
"Shekarar da rumbuna ya ƙone," in ji shi,
"ubanki ya aje mini cokali biyu a bakin ƙofa,
bai ƙwanƙwasa ba.
Naku ne. Kiwo nake yi."
Sai ya ƙara da cewa, "Kada ki sa masa sanyi,
kuma shingen nan dai a gonata yake."

Awa shida, kwalba ta fara raɗa.
Kumfa ta hau, mai kauri, ruwan ƙasa,
ƙamshin ɓawon lemo ya cika kicin,
ƙamshin Baba ranar Asabar.
Na tsaya riƙe da murfi kamar wawiya.

A garinmu, mai zuba iri a babban baho
sai ya kurma ihu, wai don a kori abin ɓoye.
Ina yarinya nakan toshe kunne don kunya.
Na juye kwalbar, na buɗe maƙogwaro,
na yi ihun da ya tayar da hankaki daga rufi.
Can hayin rafi kare ya amsa,
sannan wata tsohuwar murya, a dishe.

Kwana biyu na yaɗe kumfar sama,
na tsoma zoben Baba, na juya, na rataye ya sha iska.
Na tsoma wani sabo, wanda na sassaƙa da kaina,
karkatacce, bai yi kyau ba.
Shi zan kai hayi idan ya bushe.
Ban yanke ba tukuna
ko zan ƙwanƙwasa.